Kawu Rachid Ya Yi wa Tsatsa Wanka

A unguwar Glenwood ta birnin Greensboro a Amurka, layin da ɗaliban jami'a ke ɗaure kekunansu a jikin shinge, akwai wani ɗan gida mai gareji a bayansa, garejin da mota ba ta taɓa kwana a ciki ba. Lambobin mota ne ke kwana a ciki. Tsofaffi, na motocin da suka daɗe da mutuwa, an jera su a bango tun daga ƙasa har rufi. Wasu sun lanƙwashe, wasu harsashin maharba ya huda su, kowace da tata tsatsar. Sana'ar Malam Hassoumi ke nan, kuma a cikinta ɗansa Djibrilla ya buɗe ido. Da lambobin nan ya koyi ƙirga, da su ya haddace jihohin Amurka tun bai san sunan kakansa ba.

Masu saye kuwa tsofaffin Turawa ne masu tara kayan da, da masu gidajen abinci da ke kafa su a bango, da wanda ya farfaɗo da motar kakansa yana neman lambar shekarar da aka ƙera ta. Doka ɗaya ce a garejin, Djibrilla ya ji ta har ta zame masa kamar sallama:

"Ruwa da tsumma mai laushi, shi ma sai ya zama dole. Tsatsar nan suke saye. Wanda ya goge ta, shekarun ya goge."

Akwai guda ɗaya da ko ruwan ba ta taɓa gani ba. Tana saman ƙofa daga ciki, ta jihar Carolina ce tun ta shekarun alif ɗari tara da talatin, kusurwarta ɗaya cike da busasshiyar jar ƙasa. Malam Hassoumi ya tono ta ne a bolar motoci, inda ya fara aiki shekarar da ya zo Amurka. Ya ce da ya ga jar ƙasar a yatsunsa sai ya zauna a kan taya ya yi ta hawaye, don irin ta tsaunukan garinsu Dogondutsi ce sak. Daga ita sana'ar ta fara. An roƙe shi ya sayar har an gaji.

Ya rasu a farkon bazara, lokacin da garin furanni ke rina motocin Greensboro rawaya. Matarsa Zahara ta shiga takaba, ba fita, ba ɗaga murya. Djibrilla, wanda ya riga ya ajiye makaranta tun jinyar uban, kullum da safe sai ya buɗe garejin ya tsaya. Ba ya zama a kan kujerar. Kallonta kawai yake yi.

Sai ga Kawu Rachid daga birnin Columbus, ƙanin Zahara, ya zo ta'aziyya da akwatin da ya fi na mai tafiya hajji. Mutumin nan ya sayar da wayoyi, ya sayar da turare, ya sayar da motocin haɗari, ya taɓa kiwon awaki a bayan gidan haya. A kowace sana'a saura ƙiris ya zama miloniya, sai 'yan hassada su shiga tsakani. Aka yi sadakar bakwai, baƙi suka watse. Akwatin Kawu bai motsa ba.

Ranar da ya fara leƙa garejin, salati ya saka.

"Djibo! A nan ubanka ya ƙarar da rayuwarsa? A cikin bola?"

"Kaya ne, Kawu."

"Kaya? A wace kasuwa ka taɓa ganin an kasa kaya da datti? Mai tumatir yayyafa ruwa yake yi. Mai takalmi gogewa yake yi. Ko ragon layya sai an wanke shi da omo kafin a kai shi kasuwa. Rago fa, mai rai! Ballantana gwangwani."

"Baba ya ce tsatsar..."

"Allah ya jiƙan Baba. Mutumin kirki ne, amma bai san biznes ba. Bon. Daga yau an yi sabon dirakta."

Ya ja kujerar marigayi ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kujerar ta yi ƙara kamar ta san ba mai ita ba ne.

Ana haka wayar garejin ta yi kuka. Miss Rachael ce, wata dattijuwa da ke shirya taron masu tsofaffin motoci a wani fili da ke gefen titin Gate City Boulevard. Ta ce taro na ƙarshen wata yana nan, kuma teburin Hassoumi ba za a ba kowa ba, in iyalinsa suna so. Kawu ya fizge wayar, ya gaya mata da Turancinsa mai ƙamshin Faransanci cewa ta shirya ganin abin da idonta bai taɓa gani ba.

A wannan dai bai yi ƙarya ba.

Djibrilla ya shiga ɗakin uwarsa. Tana kan darduma, carbi a hannu, ta rame har zoben yatsanta yana juyawa.

"Mama, zai wanke su."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ƙanina ne, kuma kawunka ne. Ni yanzu ba ni da bakin rigima, kai kuma ba ka da na musu da shi." Ta ja carbin. "Ka dai kula da ta saman ƙofa."

Da Kawu ya tafi sayen kayan aiki, Djibrilla ya taka gwangwanin fenti ya sauko da ita. Ya naɗe ta a tsohon tawul, ya rasa inda zai kai ta. Ɗakinsa Kawu ke kwana a ciki, kicin Kawu ke yini a ciki. Ya cusa ta ƙarƙashin kujerar baya ta motar kayan uban, inda ba mai leƙawa.

Aikin ya fara daga bahon wanka, kuma shi kaɗai ne a gidan. Kawu ya ga wani bidiyo a waya, bai kalle shi har ƙarshe ba, don a cewarsa mai hankali farko kawai yake buƙata. Ya tuttula binega, ruwan tsamin Turawa, ya ƙara omo, ya bi da baƙin lemon kwalba, sannan ya zazzaga wani gari da mai shago ya ce a sa cokali ɗaya. Ya kwaso lambobin bango guda ya jiƙa. Bahon ya fara tafasa ba wuta.

Anti Bebi, maƙwabciyarsu Bakanuwa da ke kawo wa Zahara abinci kullum tun rasuwar, ta shigo da kula a hannu, ta tsaya cak ta toshe hanci da gyale.

"Wai wane ne ya buɗe majema a gidan makoki?"

"Kimiyya ce, Hajiya. Ba aikin tuwo ba ne."

"To ka gaya wa kimiyyar tana ɗiga ta ƙarƙashin ƙofa."

Washegari da aka buɗe, ruwan ya zama wani launi da ba shi da suna. Kawu ya sa hannu ya zaro ta farko. Tsatsa ta tafi, gaskiya ne. Fenti ma ya bi ta. Lambar da ta kwana shuɗiya da fari ta fito tsirara, fara fat kamar murfin tukunya. Haka ta biyu, haka ta bayanta.

"Voilà!" in ji Kawu. "Kun ga? Kamar kwanon amarya!"

"Ina launin?" in ji Anti Bebi.

"Launin ya tsufa, na sallame shi. Sabo zai zo."

Bahon ya toshe, ya yi zobe ja a kewaye. Har aka yi taron, da bokiti mutanen gidan ke wanka. Kawu ya ce hakan ya fi lafiya, a gida ma ai da bokiti aka rene su.

Sauran bangon kuwa ya ce jiƙo zai ɓata masa lokaci, inji ake buƙata. Ya je wurin Malam Surajo, wani mutumin Zariya mai wurin wankin mota, ya aro injin feshin ruwa. Malam Surajo ya kawo shi da kansa, ya fara nuna masa inda ake rage ƙarfi.

"Malam, bari. Ni da na wanke jirgin sama a Yamai?"

"Jirgin yana nan kuwa?"

"Yana tashi har gobe."

Ya shimfiɗa lambobin a kan ciyawa, ya naɗe ƙafar wando, ya murɗa injin har ƙarshe, ya yi bisimilla. Ruwan na taɓa ta farko, ta tashi sama kamar an kira sunanta. Ta tsallake shinge, ta sare wa Anti Bebi kuɓewarta da ta yi wata tana lallaɓawa. Ta biyu ta hau rufin ɗaliban da ke haya a gefe. Ta uku ta bi titi tana gangarawa a kan gefenta, wani kare ya rufa mata baya. Kawu ya nemi ya kashe, ya manta ta ina, tiyon ya fi ƙarfinsa ya fara juya shi. Ya wanke tagar kicin, ya wanke shanyar Anti Bebi, ya wanke Malam Surajo daga hula har takalmi, a ƙarshe ya juyo da bakin ya wanke kansa. Ɗaliban suka fito baranda da wayoyi suna tafi.

Malam Surajo ne ya zare wayar wuta, yana ɗiga.

"Yanzu na gane yadda jirgin ya tashi," ya ce.

Anti Bebi ta ɗago kan kuɓewar ta nuna ta saman shinge.

"Dirakta! Wannan ma kimiyya ce?"

"Ai da ma ta isa girbi, Hajiya. Ba sai kin gode ba."

Djibrilla ya bi gida-gida yana ba da haƙuri yana tsinto su. Kowace ya ɗaga ya san ta. Wannan a wata gona ta hanyar Virginia suka samo ta, ranar da Baba ya saya masa masara gasassa. Wannan a rumbun wata tsohuwa, wadda ta ƙi karɓar komai sai da Baba ya gyara mata ƙofa. Yanzu duk sun zama iri ɗaya, fari fat, kamar mutanen da aka aske wa kai a layi. Ya share ido da kafaɗa, don hannayensa a cike suke.

Da yamma Kawu ya tsaya a garejin yana duba bangon da ya tsiraice, ya ɗaga kai.

"A saman ƙofar nan ba akwai wata mummuna ba? Mai laka?"

Djibrilla ya kau da kai.

"Ba ta nan, Kawu."

"Ta huta. Ita ce na so in fara da ita."

Sai fenti. Kawu ya samo wasu gwangwanaye a araha wurin wani mai ƙera ƙofofin ƙarfe: ruwan zinari, ruwan azurfa, kore shar, da wani ruwan hoda mai kashe ido. Djibrilla ya yi ƙarfin hali ya ce kowace jiha da launinta, kowace shekara da nata.

"Shi ya sa ba su ci gaba ba," in ji Kawu. "Bature ƙyalli yake so. Ka dubi yadda suke yi wa gidajensu lokacin Kirsimeti."

Kafin fentin sai da ya yi gyara. Duk wadda ta lanƙwashe ya daddake ta da guduma har haruffan suka kwanta. Duk hudar harsashi ya toshe ta da cingam. Sannan ya lafta musu fenti, kauri kamar man shanu a biredin ɗan gata, ya shanya su a hanyar shiga gida. Amma zafin Carolina jiƙaƙƙe ne, ko riga ka shanya sai ta yi shawara kafin ta bushe. Yini ya wuce, kwana ya wuce, fentin yana nan danƙo. Ganye ya faɗo ya manne. Ƙudaje suka sauka ba su tashi ba. Kyanwar ɗalibai ta ratsa ta kan lambar jihar Texas ta bar sawu, ta shiga gidan Anti Bebi da ƙafafu ruwan hoda ta hau kujera.

"Dirakta, fentin ƙofar gida ne fa wannan. Ba zai bushe ba kafin Asabar, ranar taron," in ji Anti Bebi.

"Hajiya, ke da fenti sai na farce. Yana bushewa daga ciki."

Ranar Asabar Kawu ya tattara su ya jera a kwali, ɗaya kan ɗaya, ya danne da gwiwa don su shiga. Ya zaɓi guda mai ruwan zinari ya ɗaura a bayan motar kayan, daidai kan lambar gaskiya, wai talla. Sannan ya shiga ya fito cikin babbar riga ta farar shadda, wadda ya ɗinka don ɗaurin auren da aka fasa, da hula da tabarau. Ya leƙa ɗakin yayarsa.

"Yaya, ki yi addu'a. Yau za a san wane ne Rachid."

"Za a sani," in ji Zahara, ba ta ɗago ba.

Ba su yi nisa a Gate City Boulevard ba fitila shuɗiya ta 'yan sanda ta kunno a bayansu. Ɗan sandan ya zagayo, ya tambayi wace ƙasa ce ke ba da lamba ruwan zinari mai ƙudaje a jiki. Kawu ya yi murmushi ya ce samfur ne, in ranka ya daɗe yana so akwai kore. Ɗan sandan ya dube shi, ya dubi Djibrilla da ya sunkuyar da kai, ya ce a cire ta yanzu a gabansa. Kawu ya tattare riga ya tsuguna a bakin titi da sukudireba, 'yan masallacinsu, har da Malam Surajo, na wucewa suna danna masa oda suna ɗaga hannu.

"Ka ga yadda ya tsaya yana kallonta?" ya ce da suka tashi. "Kwastoma ne. Kunyar kaki ce ta hana shi."

Filin taron ya cika da motoci masu manyan hanci, sun sha goga suna walƙiya, tsofaffi na zagaya su da hular hana-sallah da kofin kofi. Anti Bebi da Malam Surajo sun riga su zuwa. Anti Bebi ta ce ta rufe tukunya ta taho, don irin wannan ba a jiran a ba ka labari.

Miss Rachael ta rungume Djibrilla, ta ce masa ya yi kama da ubansa a tsayuwa. Ta nuna musu wurin, ƙarƙashin wata bishiya, inda Hassoumi ya saba kafa teburinsa. Ƙasar wurin ba ta daidaita ba, teburin yana ɗingishi. Kawu ya koma mota neman abin tokarewa. Ya dawo yana kaɗa tawul, lambar saman ƙofa a ɗaya hannun.

"Ga mummunar nan ashe! Ka ga, ko bola tana da ranarta."

Ya ɗaga ƙafar teburin ya cusa ta ƙarƙashi. Djibrilla ya ji kamar a kan ƙirjinsa aka sauke ƙafar. A ƙarƙashin tebur dai burushi ba zai same ta ba. Ya matso ya tsaya kusa da ita kamar mai gadin kabari.

Kawu ya farke kwali, ya sa hannu zai zaro guda. Duka suka taso tare. Lambobin sun manne sun zama dunƙule ɗaya, kamar bulo. Ya girgiza, ya buga da ƙasa, ya sa sukudireba ya ɓamɓaro 'yan kaɗan daga sama, kowace ta kwaso rabin fentin 'yar uwarta. Waɗannan ya shanya su a kan kujerar naɗi don su sha iska. Bulon kuma ya ɗora shi a tsakiyar tebur, ya ajiye ragowar gwangwanin zinari da burushi a gefe.

"Wannan na 'yan sari ne," ya ce wa Malam Surajo. "Ba a rabawa."

"Ai ko an so," in ji Malam Surajo.

Tsofaffin suka fara zuwa, abokan cinikin marigayi, kowa da fara'arsa. Duk wanda ya iso gaban teburin sai fara'ar ta gudu. Wani ya taɓa Texas da ɗan yatsa, ya ɗago yatsan ya duba. Miss Rachael ta dafe baki, abin da kawai ta iya cewa shi ne, "Oh, honey."

"Ka ji?" Kawu ya raɗa wa Djibrilla. "Sun rasa bakin magana."

Sai wani dogon tsoho mai sanƙo, da ya kasa ci gaba da kallon teburin, ya mai da idonsa ƙasa. Ya tsaya. Ya dafa sandarsa, ya fara sauka a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, har ya durƙusa a gaban takalman Kawu. Na kusa da shi ya bi idonsa, shi ma ya durƙusa. Wani ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Kafin wani lokaci tsofaffi sun yi layi a ƙasa, kawuna a sunkuye.

Kawu Rachid ya cire tabarau. Ya gyara hannun riga, ya kumbura har sai da shaddar ta yi ƙara.

"Djibo, kana gani? Shekara nawa ubanka ya yi a garin nan, wa ya taɓa durƙusa masa? An ce Turawa ba su da tarbiyya, ashe babba ne ba su gani ba." Ya miƙa hannu ya dafa sanƙon dogon tsohon. "Ku tashi, ku tashi. Allah ya yi albarka. Yaya iyali? Ku tashi haka nan, na yafe."

Anti Bebi ta riƙe ciki, dariya ta hana ta tsayuwa sai da ta jingina da bishiya.

"Dirakta! Ba kai suke gaisarwa ba. Ƙafar tebur suke gaisarwa!"

Dogon tsohon ya ture hannun daga kansa, ya ɗago ya dubi Djibrilla, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ta Hassoumi ce. Ya ce shekara da shekaru yana roƙonsa ita, kullum sai ya yi dariya ya ba shi shayi. Ya ce ga ƙasarta nan ma ba ta faɗi ba.

Kawu ya leƙa ƙarƙashin teburin. Ya dubi tsofaffin. A hankali wani haske ya sauko masa a fuska, irin hasken da ya sauko masa ranar awaki.

"Wannan suke so? A haka, da lakarta?" Ya tafa hannu. "To in sun durƙusa mata da datti, in na yi mata zinari ai kwanciya za su yi! Djibo, miƙo burushi. A gabansu zan yi, su ga aiki."

Ya tattare riga ya sunkuya. Djibrilla ya riga shi. Ya durƙusa tsakanin tsofaffin, ya ɗora tafin hannunsa a kan lambar. Ƙarfen ya ɗumama da rana, kamar wani ya daɗe da riƙe shi.

"A'a, Kawu."

"Me ka ce?"

"Na ce a'a."

Tun da aka haife shi bai taɓa gaya wa babba wannan kalmar ba, shi kansa sai da ya ji ta baƙuwa a bakinsa.

"Ni kake gaya wa a'a? Ni da na yi maka huɗuba ta waya? Sake ta!"

Kawu ya cafko gefe ɗaya ya ja. Djibrilla ya ɗaga ƙafar teburin da kafaɗa, ya zare lambar ya rungume ta a ƙirji. Teburin da ya rasa matokari ya karkata. Bulon 'yan sari ya sulalo ya sauka a kan babban yatsan Kawu. Kawu ya yi wata ƙara da ta sa karnukan filin suka amsa, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya ja da baya, ya zauna daɓas a kan kujerar da ya shanya kaya. Gwangwanin zinari ya biyo baya ba gaggawa, ya kife a cinyarsa.

Kawu ya miƙe da sauran mutuncinsa, ya ce ba komai, gwaji ne. Da ya juya zai ɗauki hularsa, Texas na manne a mazaunansa. Ta ɗan yi lilo, ta ɓalle ta faɗi, ta bar hotonta a farar shadda, ruwan hoda, haruffa a juye, har da sawun kyanwa.

Dogon tsohon ne ya fara, dariya ta kama shi a durƙushe har ya kasa tashi. Sai filin ya ɗauka. Kawu ya shiga juyawa yana neman ganin bayansa, yana juyawa ana ƙara gani.

"Dirakta, kwantar da hankalinka," in ji Malam Surajo. "Yanzu ko ɗan sandan ya sake tare ka, kana da ta nunawa."

"Sai dai a ce ya yi ribas a karanta," in ji Anti Bebi.

Djibrilla bai yi dariya ba. Wani ya matso ya tambaye shi ko yanzu za a sayar, ya girgiza kai. Miss Rachael ta dafa kafaɗarsa ta ce wurin nan na ƙarƙashin bishiya nasa ne, ko da abu ɗaya zai zo. Ya gode mata. Ya ajiye wa Kawu makullin mota a kan bulon, ya cusa lambar cikin rigarsa, ya taka zuwa bakin titi ya jira bas.

A gida ya durƙusa gaban uwarsa ya fito da ita. Inda ƙafar teburin ta danna, ɗan ɓarin jar ƙasar ya gutsure, ya tsaya a cikin rigarsa. Ya tattara shi a tafin hannu ya miƙa mata. Zahara ta karɓa. Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ƙulli biyu.

"Sauran fa?"

"Sun tafi, Mama."

Ta gyaɗa kai. A waje suka ji motar ta tsaya, suka ji muryar Kawu yana waya da wani a Columbus, yana ɗingishi yana ba da labari: wallahi Turawa layi suka yi suna durƙusa masa, amma garin ya yi masa ƙanƙanta, ga 'yan hassada har cikin dangi.

"Mai da ta saman ƙofa," in ji Zahara. "Ka sa wa garejin kwaɗo, makullin ya kwana a aljihunka." Ta ja carbi ɗaya. "Kuma ka duba wa kawunka motar Columbus ta gobe. Takabar ta hana ni fita ne, ba ta hana ni sallamar baƙo ba."

Djibrilla ya taka gwangwani ya mai da ita ƙusarta. Bangon duk ya zama tabo-tabo, farare, kowane daidai girman abin da ya bar wurin. Ya ja kujerar uban, ya kakkaɓe ta, ya zauna.

Ta ƙofar yana hango babbar rigar a kan igiya. Kawu ya jiƙa ta a binega, ya dirje ta da omo, ya bi da baƙin lemon kwalba. Texas tana nan daram a bayanta, tana kaɗawa a iska. Cikin duk fentin da Kawu Rachid ya yi a Greensboro, shi kaɗai ne ya kama.